Ranar Da Ajinmu Ya Je Lambun Babana

Ni dai da na nemi gurbin difloma, gyaran inji na je koyo. Na daɗe ina leburanci a wani kamfanin fata a Challawa, irin leburancin nan da za ka zo da safe ka tsaya a bakin get, in an ga dama a ɗauke ka, in ba a ga dama ba a ce ka gaida gida. Foman ɗinmu ya ce mini duk ranar da na kawo takardar difloma zai sa a mayar da ni sashen gyara, ma'aikaci na dindindin, har da katin asibiti. Shi ya sa na shiga karatun Asabar da Lahadi a wata kwalejin fasaha da ke cikin gari.

Ba wanda ya gaya mini akwai wata aba wai ita GNS. Darussa ne na kowa da kowa. Ko akanta kake karantawa, ko lantarki, ko gini, dole ka bi ta kansu, kuma in ka faɗi ko da ɗaya, takardarka tana can ofis tana barci. Akwai na Turanci, inda aka koya mana rubuta wasiƙa ga editan jarida, sai ka ce ni da edita muna da wata harka. Akwai na koyon sana'a, inda wata malama ta zage tana nuna mana haɗa sabulun ruwa, ni da nake neman na kaina tun ban iya ɗaure wando ba. Sai kuma na zama ɗan ƙasa nagari. Wannan shi ya kayar da ni a shekarar farko. An tambaye mu rassan gwamnati, na rubuta gwamna, da matarsa, da 'yan jagaliya. Na ɗauka malamin zai yi dariya. Na ji an ce ya yi, amma maki kam bai ba ni ba.

Haka na shiga shekara ta biyu da shi a wuya. Duk sauran darussan na haye, har waɗanda ke sa 'yan boko kuka, shi kaɗai ya rage. In na sake faɗuwa sai wata shekarar, ga shi kuma foman ya fara zancen wani ɗan 'yar'uwarsa da shi ma yake karatun inji.

A wannan karon sabon malami muka samu, matashi mai gilashi, ba ya son karatun allo kawai. Ya ce ɗan ƙasa nagari shi ne wanda ya san abin da ke faruwa a bayan gidansu. Ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce rabin makin darasin yana kan ziyara da rahoto. Wasu aka ba su Bompai, wasu Sharada, mu kuma aka ba mu Challawa, mu je mu ga ruwan da kamfanoni ke saki. Nan bakina ya jawo mini. Na miƙe na ce ai Challawa ko karnukanta sun san muryata. Aji ya kwashe da dariya, Malam ya ce madalla, an samu ɗan jagora, kuma shi ma da rukuninmu zai je.

Abin da ban faɗa ba shi ne ƙauyenmu yana bayan kamfanonin nan, kuma lambun babana yana bakin kwatar da ruwan ke bi. Da rani ba wani ruwa da ke gudana a wajen sai shi. Duk masu lambu da shi suke ban ruwa, kuma kuɗin latas ɗin da ya sha ruwan nan ne ya ɗinka mini kayan firamare. Sai na tsara abina: zan kai su bakin lambatu a bayan katangar kamfanoni, su toshe hanci, su ɗauki hoto, mu koma mota.

Ranar Asabar da hantsi muka isa a wata ƙaramar bas. Shugabar rukuninmu wata 'yar Hotoro ce mai karanta akanta, mai tsafta da natsuwa, irin waɗanda ke ja wa littafi layi da rula. Tana sauka ta kai gefen hijabi hanci. Ruwan ranar baƙi ne mai ratsin shuɗi, da kumfa a kai, ga wari kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a rana. Malam ya tsaya yana bayanin sinadaran jima, yadda suke zama a cikin ƙasa, ganye ya zuƙe su, mutum ya ci, su taru a jikinsa. Ni dai ina gyaɗa kai kamar baƙo. Gangunan da ake juya fata a cikinsu ni nake wanke su, in an gama kuma ni ake cewa in buɗe wa ruwan hanya.

Har na fara cewa mu koma kafin rana ta yi zafi, sai Malam ya tambaye ni ina ruwan yake zuwa. Na ce kogi. Ya ce to mu bi shi mu gani. Na ce akwai ƙaya. Na ce akwai macizai, manya, masu bin mutum. Ya ce bai taɓa ganin ɗan jagora mai tsoron garinsu ba, ya yi gaba. Ruwan nan kuwa ba shi da hanya biyu.

Tun daga nesa na jiyo ƙarar injin ban ruwanmu, na san shi da tarinsa. Muna zagaye wata bishiyar mangwaro sai ga Baba, ya naɗe wando har gwiwa, yana tsaye cikin ruwan da fartanya yana buɗe wa fangali baki. Shi ya fara ganina. Ya kashe injin. Ba yadda zan yi, na je na durƙusa na gaishe shi a gaban kowa. Shugabarmu ta matso ta tambaye ni a hankali ko na san shi ne. Na ce babana ne. Sai ta gyara riƙon littafinta.

To, mu a ƙauyenmu malami ba ya tattaki zuwa wurin uban yaro sai da dalili. Ko yaron ya yi ɓarna, ko ya yi abin kirki. Baba ya dubi fuskokin mutane, ya ga ba mai faɗa, ya ga wayoyi a sama ana ɗaukar hoto, sai ya yanke wa kansa hukunci. Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya nufi Malam.

"Malam, da kanku? Ai da aike kuka yi, ni zan zo har makarantar."

Ya shiga godiya. Ya ba su labarin yadda nake da taurin kai ina yaro, yadda ya kusa cire rai da ni, ya ce ga shi yau Allah ya sa malaman birni sun tako har lambunsa saboda ni. Ina tsaye ina kallon yatsun ƙafata.

Malam mutumin kirki ne, bai gyara masa zancen ba. Ya dai yi tambayoyinsa cikin ladabi: tun yaushe ake ban ruwa da wannan ruwan, kuma ko yana damun jiki. Baba ya ɗaga ƙafa ya nuna masa inda fata ta tsattsage ta yi fari, ya ce ƙaiƙayi kam akwai, amma da man kaɗanya yake lafawa. Daga nan ya koma yabon ruwan. Ya ce ruwa ne mai ƙarfi, shuka ba ta neman taki da yawa, a dubi faɗin latas ɗin nan a faɗa masa inda aka taɓa ganin irinsa. Kowa sai rubutu yake. Baba yana ganin ana rubuta maganarsa sai ya ƙara ƙaimi.

Baƙo kuma ba ya barin lambu hannu rabbana, wannan ko ɗan yaye ya sani. Baba ya cika ledoji da latas da alayyahu. Sannan ya tuge karas manya-manya, ya sunkuya ya ɗauraye su a cikin ruwan nan da aka gama yi mana lacca a kansa, ya miƙa wa Malam da hannu biyu yana murmushi. A daidai nan shugabarmu ta ɗauki hotonsa.

"Bismilla, Malam, ku ɗanɗana. Zuma ne."

Malam ya karɓa ya riƙe shi ta ganye. Ya ce yana azumin nafila. Mu duka mun ga ya sha fiyawota a cikin mota. Baba ya ce Allah ya karɓa, ya juya ga ɗalibai. Ikon Allah, ashe rukunin namu kaf azumi suke, har da wani Kirista ɗan sashen gini. Hannun Baba yana miƙe da karas, ba mai karɓa. Sai na karɓa na gartsa. Baba ya yi dariya ya ce ajin namu duk salihai ne, ni kaɗai ne ragowar. Aka yi 'yar dariya, ni ma na yi.

Da muka koma makaranta kowa ya sauka ya bar ledarsa a ƙarƙashin kujera. Direban bai ji laccar ba, yana cikin mota yana barci, sai ya tattara su yana murna ya ce yau uwargida ta huta da cefane.

Mako na gaba shugabarmu ta nuna mini rahoton a kwamfutarta. Ga hoton Baba a tsakiya, karas a hannu, baƙin ruwa a ƙafa, a ƙasa an rubuta cewa manoma irin wannan suna jefa masu cin ganye a birni cikin haɗari. Na roƙe ta ta cire. Ba muguwa ba ce, na ga abin ya dame ta. Ta ce sharaɗin Malam ne a sa hoton mutanen da abin ya shafa, sauran hotunan kuma duk ruwa ne da katanga, kuma ba makina ni kaɗai ne a ciki ba. Ta ce in ina so za ta ja masa baƙin layi a ido. Na ce irin na ɓarayin da ake nunawa a talabijin? Na yi tunanin foman da ɗan 'yar'uwarsa, da bakin get da safe. Na ce ta bar shi yadda yake.

Ranar gabatarwa duk rukunonin aka tara a babban ɗaki, kuma tunda ni ne ɗan jagora, bayanin lambun a kaina ya faɗo. Aka haska majigi, fuskar Baba ta cika bango, ta fi ƙofa girma. Wani daga baya ya ce, "Kai, wannan ai hancinka ne." Ɗaki ya ɗauka. Da a ce hoton uban wani ne, na rantse ni zan fara faɗin haka, kuma da na fi shi iyawa. Na sunkuyar da kai na karanta Turancina a hankali, kalma-kalma, na faɗi abin da ruwan yake yi wa ƙasa da ganye da ƙafar mai ban ruwa. Malam ya yi mini tambaya ɗaya tak, wai a ganina laifin wane ne. Na ce na masu sakin ruwan ne. Ina faɗa na sa hannuwana a aljihu, don har ranar gefen farcena shuɗi ne. Ya dube ni ta saman gilashi, ya ce in je in zauna.

Sakamako ya fito, na ci. Takarda ta fito, foman bai saɓa ba, aka mayar da ni sashen gyara.

Na je lambu na gaya wa Baba. Ya ce ai shi tun ranar da Malam ya zo da kansa ya san an gama. Na daure na ɗan buɗe masa zancen ruwan, na ce an ce yana da illa, har ga masu ci. Ya saurare ni har na gama, bai ji haushi ba. Ya ce to da wanne za a shayar da shukar? In makarantar tamu za ta haƙa musu burtsatse, shi zai fi kowa murna. Daga nan ya ɗauko buhu, ya shiga zaɓen latas mafi kyau, da karas, da kabeji, ya ɗaure bakin da kansa. Ya ce in kai wa Malam tukuici, in ce masa wancan karon azumi ya hana shi, wannan kuwa na iyali ne.

Na ɗauko buhun a adaidaita tun daga Challawa har cikin gari. A hanya na ga wurare da yawa da zan iya ajiye shi in yi gaba, amma na san Baba zai tambaye ni abin da Malam ya ce, ni kuma ƙaryata ba ta taɓa cin Baba ba. Na ƙwanƙwasa ofishin, na shiga, na sauke buhun, na isar da saƙon yadda aka ba ni. Malam ya miƙe tsaye. Ya dubi buhun, ni kuma na dubi kalandar bango. Ya sa hannu biyu ya ɗauka, ya kai shi bayan ƙofa ya jingine.

"Ka ce wa Baba na gode ƙwarai. Allah ya ƙara girma."

Na ce zai ji. Na fito na ja masa ƙofar.