Injin Ban Ruwa a Gidan Makoki

Mijina makaniken injin ban ruwa ne. Mun zo Jega daga ƙasar Zuru jim kaɗan bayan an yanke Kebbi daga Sakkwato, lokacin da manoman albasa suka fara ajiye jigo suna sayen ƙananan injuna. Muka kama haya a Sabon Gari, ɗaki biyu da rumfar kwano a ƙofar gida, nan ne wurin aikinsa. Ni kuma ina suyar ƙosai a bakin hanya. Yaranmu huɗu, mata biyu maza biyu.

Ban taɓa ganin namiji mai son zaman gida irinsa ba. Shi yake yi wa yara wanka da yamma, maƙwabta na leƙowa suna dariya, bai damu ba. Ba a fita gidanmu da safe sai an durƙusa an yi addu'a, ko da ƙulluna na tsami. Ran Lahadi kuwa ko sarkin noma ne ya kawo inji sai ya jira a tashi daga coci. Manoman Aliero da Jandutsi duk Musulmi ne, sun san halinsa, har tsokanarsa suke yi suna kiransa liman.

Ciwon ya fara da ramewa, sai ido ya koma ɗorawa. Muka ce shawara ce, muka yi ta jiƙe-jiƙe. Daga Birnin Kebbi aka tura mu Sakkwato, can likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye, ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. A mota muna dawowa ni ce nake kuka, shi yana ba ni haƙuri, sai ka ce ni ce marar lafiyar. Na ji haushinsa ranar.

Da labari ya kai gida, yayansa ya zo dubiya. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. A wurinmu in uba ya mutu, dangi ne suke raba marayu, kowa ya ɗauki wanda zai iya riƙewa. Ya zauna a gaban ƙanensa ya tsara abin tsaf. Mazan biyu wurinsa, babbar wurin gwaggonsu, auta kuma ta bi ni gidan iyayena. Ya ce ai ƙosai ba zai riƙe baki biyar a garin mutane ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Mijina bai musa masa ba. Ya ce, "Yaya, na gode. A dai bari tukuna."

Da yayan ya tafi ya kira ni rumfa. Ya ce, "Maman yara, ba na tsoron tafiya, na san inda za ni. Amma ba na son yaran nan su tashi ba su san juna ba. Ajiye kaskon nan, zo ki zauna."

Haka na shiga makaranta da girmana. Ya shimfiɗa tabarma ya jingina da bango, ni ina durƙushe gaban wani tsohon inji. Na kwance shi na ɗaure, na sake kwancewa, har na fara mafarkinsa. Ya koya mini goge fulogi, da wanke kafireto, wato inda mai da iska suke haɗuwa, da gane ciwon inji daga kukansa. Malami ne mai haƙuri, ni ce ɗalibar ba ta da shi. Ranar da na ɗaure inji na ga ƙusoshi sun yi saura a ƙasa, na yi jifa da sifana har ta fasa mana tulu. Ya yi dariya har ciwon ya murɗe shi, sannan ya ce in ɗauko mu sake.

Da rani ya shigo aka dasa albasa, injuna suka fara zuwa, shi kuwa hannunsa ba ya ko iya jan igiyar tayarwa. Sai na kawo dabara. Na ce ya zauna a rumfa ya karɓi aiki, ya ce wa masu injin su dawo gobe, ni kuma in gyara a cikin gida. Wa zai sani?

Ya ce, "Allah zai sani. Kuma ranar da ba na nan, wa za ki zaunar a rumfar? Ba zan bar miki sana'a a kan ƙarya ba."

Na ce wannan gaskiyar tasa ita za ta raba mini 'ya'ya. Na faɗa masa maganganu, marar lafiya da shi, amma ko gezau. Duk wanda ya kawo inji sai ya ce masa, "Ni na kasa, iyalina ce za ta gyara, a gabanka." Mutane su yi masa sannu, su yi addu'ar samun sauƙi, su ɗauki kayansu su yi gaba. Ina kallon abincin 'ya'yana yana fita a bayan keke, na rasa wa zan shaƙe, su ko shi.

Wanda ya fara tsayawa wani dattijo ne daga Aliero, shi ma ba don Allah ba, sauran makanikai ne aiki ya yi musu yawa, albasarsa kuma ta fara yaushi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Liman, wagga mai ƙosai ita ka taɓa min inji? To, in ta kashe shi ku biyu za ni kai ƙara."

Na ce, "Baba, ai a mace ka kawo shi."

Wuni guda na yi a kansa ni kaɗai, don mijina ya ce a gaban mutane ba zai sa baki ba. Da la'asar injin ya tashi. Dattijon ya ce ikon Allah, ya ɗaure abinsa ya tafi. Bayan shi aka riƙa zuwa jefi-jefi, yau ɗaya, jibi babu. Bai kai abin da zan nuna wa dangi in ce zan iya ba.

Ya rasu da rana tsaka, lokacin da albasa ta fara yin kai. Yaran na kewaye da shi, fasto ya gama addu'a ke nan. Aka binne shi a Jega kamar yadda ya roƙa. Manomansa sun zo da yawa, suka tsaya daga gefe har aka gama.

Muna cikin zaman makoki yayansa ya ce mini ƙarshen mako shi da dangi za su koma gida, in shirya yaran. Ina zaune a tabarma tsakanin matan zumunta na cocinmu, suna rera waƙa a hankali, ni kuwa ba na jin komai sai wannan maganar. Sai aka yi sallama a ƙofar gida. Wani mutum ne ban taɓa ganinsa ba, da inji ɗaure a bayan keke, ya ce daga Andarai yake, can wajen Maiyama. Da ya ga taro ya gane abin da ya faru, kunya ta kama shi, ya yi gaisuwa ya juya kekensa.

Yayan mijina ya ce masa, "Sai haƙuri, makaniken ne Allah ya ɗauka."

Mutumin ya ce, "Allah shi ba ku haƙuri. Ni ba shi nika biɗa ba, matatai anka ce min. Mutanen Aliero sunka ce hannunta na da kyau."

Daga cikin gida na ji shi. Na miƙe. Wata dattijuwa ta riƙe mini zane ta ce, "Ke, mijinki ko ƙasa ba ta bushe a kansa ba." Na ce, "Mama, shi ya aike ni." Na fita rumfa da baƙaƙen kayana, na ce wa mutumin ya sauke.

Datti ne ya toshe hanyar mai, fistin kuma, wato ƙarfen da ke kai da komowa a cikin injin, yana son sabon zobe. Na zauna a gaban surukaina da fasto da duk wanda ya zo gaisuwa, na kwance shi. Hawaye na zuba ina sharewa da bayan hannu, har fuskata ta yi baƙi da mai. Da na gama na ja igiya, ya yi tari ya mutu. Na sake ja, ya kama, ƙararsa ta cika gidan makoki har matan suka bar waƙa. Na san za a yi da ni a gari, an kuma yi.

Yayan mijina ya daɗe tsaye yana kallona. Da mutumin ya tafi ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun ranar da ya zo dubiya. Ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗunsa na motsi. Can ya ce, "Ashe abin da yake nufi ke nan da ya ce a bari tukuna. To, ki riƙe yaran. Amma ranar da kika gaji, ki aiko, kada ki ji kunya."

Na shiga ɗaki in wanke hannu, sai na ga ƙunshi huɗu jere a bayan ƙofa. Ashe babbar 'yata ta ji maganar tafiya, ta raba musu tufafinsu ba tare da ta gaya mini ba, ta ɗaure wa kowa nasa dabam, har ta sa wa ƙaramin namijin bargonta don shi mai jin sanyi ne. Na kira su duka. Da hannuna mai baƙin mai na kwance ƙunshin ɗaya bayan ɗaya, na juye kayan a akwati guda na rufe.

Na gaji sau da yawa bayan nan, Allah ya sani. Amma ban aika ba.