Ɗan Robar da Kaka Ta Shafe wa Fuska

Ranar Lahadi na manta ludayin roba a bakin murhu, a ɗakin girkina da ke Largo, kusa da Washington. Kafin in sallame la'asar wari ya cika gidan. Ban yi saurin tashi ba. Na san warin nan tun ina yarinya, kuma ba ludayi yake tuna mini ba.

Damina ce, shekarar da Baba ya fara koya mini rubuta Hausa da ajami. Kawu, ƙanin Inna, ya zo hutu daga Washington, inda yake karatu yana tuƙa tasi. Kowa ya samu tsaraba. Ni ɗankwali, Inna agogo, ƙanina kuwa wani ɗan mutum na roba da bai wuce tsawon tafin hannu ba, sanye da koren kaya, hannu da ƙafa duk suna lanƙwashewa. Kawu ya ce matuƙin jirgi ne a wani fim na masu yawo tsakanin taurari. Babu wanda ya taɓa ganin fim ɗin a unguwarmu. Fuskar abin ce ta tara yara: ido, gira, har da ɗan murmushi a gefen baki kamar zai yi magana.

Fuskar ce kuma ta jawo masa. Baba ba mai faɗa ba ne, amma in ya ce a'a ya gama. Ya jujjuya abin a hannunsa, ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da siffa, a kai shi masai. Ƙanina ya rungume ƙafar Inna yana ihu, Inna ta sunkuyar da kai. Sai Kaka, mahaifiyar Baba, ta miƙo hannu daga gindin murhu.

"Kawo nan, Malam. Siffa ai a fuska take. In babu fuska, roba ce kamar butar alwalarka."

Ta tura wuƙar yanka kuɓewa cikin garwashi, ta jira ta yi ja, ta ɗora. Hayaƙi ya tashi siriri, yayyafi na sauka a kan kwanon rufi. Da ta ɗaga wuƙar, wurin ya koma sumul kamar bayan cokali. Baba ya duba, ya koma zaure. Abin ya kwana a gidanmu.

Ni da na ɗan girma na gane ceto Kaka ta yi. Ƙanina bai gane ba. Ya ci gaba da wasa da shi, yana yi masa jirgi da karan dawa yana sakewa a ruwan kwata, yaran unguwa suna kiransa Shafaffe. Amma ya daina shiga ɗakin Kaka. Takan dama fura ta leƙo, ta ce, "Maigidana, har yanzu yajin ne?" Sai ya juya mata ƙeya. Muna dariya a lokacin. Har Allah ya karɓi ranta bai sake shan furarta ba.

Yanzu injiniya ne a Germantown, shi ma kusa da Washington. Da masu yin irin waɗannan 'yan roba suka fara sake fito da tsofaffin, cikin kwali irin na dā, sai ya shiga saye. Ba ya buɗewa. Ya ce da an yage kwalin an kashe darajar abin. Ya jera su a bangon ɗakinsa na biyu tun daga ƙasa har sama, kowanne yana leƙen mutum ta bayan leda. Ban taɓa yi masa wa'azi ba. Yana sallarsa, kuma ba ni ce alƙalinsa ba.

Sai Inna ta zo a duba mata gwiwa. Kun sani, uwa gidan ɗanta take sauka, ba gidan mijin 'yarta ba. Ɗakin nan aka ba ta, ga shi alƙibla bangon nan take kallo. Da azahar ta yi, yana wurin aiki, ta bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya, da gwiwar da ba ta lanƙwashewa, ta juya su suka fuskanci bango. Ina gidan lokacin da ya dawo.

"Wa ya taɓa mini kaya?"

"Ni ce. Ban ɓata ko ɗaya ba, juyawa kawai na yi in samu in yi salla."

"Inna, a can an ƙona mini, kina tsaye. Nan gidana ne."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. A gabanta ya mayar da su yadda suke. Inna ta ɗauki dardumarta ta koma lungun injin wanki, can ta riƙa salla. Ba a daɗe ba ta ce in zo in ɗauke ta.

A gidana ba ta sake ba. In mijina ya shigo sai ta rufe kwanon abincinta, in ya fita tuwon ya riga ya huce. Ya yi iya ƙoƙarinsa, bawan Allah, amma kunyar suruki ba a cire ta da rarrashi. Likita bai sallame ta ba ta ce gida za ta.

Muna haɗa kaya ta ciro wani ƙullin hankici daga ƙasan jaka. Shafaffe ne. Koren kayansa ya koɗe, hannu ɗaya ya saki. Duk shekarun nan yana cikin kwallarta.

"Ƙaninki na kawo wa," ta ce. "Na ɗauka zai yi murna. Da na ga nasa, sai na ji kunyar wannan. Ki ajiye."

Bayan azumi ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ta waya muka ji.

Makon jiya ƙanina ya kira ni, muryarsa kamar ta yaro. "Yaya, sun fito da shi, irin na Kawu sak! An ce akwai a kantin kusa da ku. Ki saya mini kafin ya ƙare. Don Allah kada ki buɗe."

Na je. Na same shi a rataye, na ga fuskar da rabona da ita tun daminar nan. Murmushin yana nan yadda yake. Na daɗe ina kallonsa, sannan na mayar na fito.

A gidan da na tashi, an sadaukar da fuskar roba don kada yaro ya kwana yana kuka. A nan mun samu wadatar da za mu adana fuskokin duka, ko ƙura ba ta taɓa su. Shafaffe yana cikin akwatina, tare da takardun ajamin Baba. Ban gaya wa ƙanina ba, kuma ban san ranar da zuciyata za ta yi sanyin da zan gaya masa ba. Ina roƙon Allah ya kawo ta.

Ludayin na jefar tun ranar. Warin ne ya ƙi barin labule.