Ganyen da Na Kwashe a Kwanar Gatawa

Shekarun baya na yi aiki da wani ɗan kwangila a titin Sabon Birni zuwa Isa, ni ne mai kula da leburori. Wallahi abin da zan gaya muku a gabana ya faru, da rana tsaka.

Akwai wata kwana kusa da Gatawa da ta ci mutane har an gaji da ƙirga, to nan aka turo mu mu kafa alluna, mu shafa fenti, mu yi tudun rage gudu. Takardar injiniya ta ce tudu ɗaya, ta ɓangaren Isa. Ni kuwa mutum ne mai bin takarda, ko ce mini ta yi in shafa wa jaki fenti sai in tambayi kala.

Kun san al'adarmu, idan mota ta mutu a hanya sai a karyo ganye a jera a kwalta don na baya ya rage gudu. Ran nan bayan azahar, ana zafin bazara, sai na hango wani tsoho da sanda a kafaɗa irin ta makiyaya yana jera rassan dogonyaro ta ɓangaren Sabon Birni, kafin a shiga kwanar. Na leƙa gaba, babu mota, ko keke babu.

Na ce, "Baba, mi kaka yi haka?"

Ya ce, "Mota ta ɓaci nan, ɗana."

"Wace mota? Ni ban ga komi ba."

"Ba ta iso ba tukuna."

Na yi dariya, na ce a raina rana ta taɓa tsoho. Na kwashe rassan na watsa a rami, don nan za mu ja farin layi. Da na ɗago ban gan shi ba, alhali fili ne fetal, gonaki duk an share. Na tambayi leburori, suka ce su ni kaɗai suka gani ina ta magana.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, wata babbar mota ɗauke da albasa ta mutu a tsakiyar kwanar. Kafin direban ya sauko ya karyo ganye, sai ga ƙaramar motar haya daga Sabon Birni a guje, ta shige ƙarƙashinta. Innalillahi! Mutum uku muka ciro ba rai, har da wata mata da ke riƙe da ledar magani, daga asibiti take.

Na ruga in tare motocin baya, na faɗa ramin nan neman abin jerawa, sai ga rassan da na zubar. Kwana huɗu a ranar bazara, amma ɗanyu shar, kamar yanzu aka karyo su. Su na jera, a daidai inda ya jera su.

Daga baya an ƙara tudu na biyu a wurin, an ce hatsari ya ragu. Tsohon kuwa na yi cigiyarsa har rugagen da ke kusa, ba wanda ya san shi. Ban san ko wane ne ba, kuma na daina tambaya. Abin da ke damuna shi ne, ya yi nasa, ni na kwashe.

Don Allah idan kuka ga ganye a kwalta ku ɗaga ƙafa daga totur, ko da ba ku ga motar ba.