Ƙugiyar Yayana

Yayana masunci ne, har shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi ya tashi da farfaɗiya. A wancan zamani tun la'asar ake rufe ƙofofin ganuwar Haɗeja saboda mahara, amma a gidanmu kogi muka fi tsoro. Inna ta hana shi zuwa bakin ruwa, ta hana shi zama kusa da murhu. Abokansa suka daina cin tuwo da shi, wai ana ɗauka ta yawu. Sai ya wuni a zaure yana kallon bango. Ya rame, magana ma ta ƙaura daga bakinsa.

Wata safiya da damina ya kama hannuna.

"Ƙanena, kai ni in ji warin ruwa."

"Yaya, in farfaɗiyar ta kada ka fa?"

"A zauren ma kada ni take yi."

Na ce wa Inna gona za mu. A gindin wata giyayya a bakin kogi na ɗaura masa igiya a ƙugu, na ɗaure ɗaya bakin a jikin itacen, kamar akuya. Kunya ta kama ni, shi kuwa dariya ya yi, ya jefa ƙugiya. Ba don miya yake kamun ba, ƙananan kifaye ma sakinsu yake. Yakan nuna min inda tarwaɗa ke kwanciya, ya faɗi sunan kowane tsuntsun fadama. Ranar ya cinye tuwonsa tas.

Muka riƙa zuwa duk Alhamis. Ni ban taɓa kallon tsuntsu ba, idonsa nake kallo. Ruwa kuma kullum ƙara matsowa yake.

A zuwa na bakwai yana cikin magana ya yi shiru, idonsa ya juye. Kafin in miƙe ya kifa cikin ruwa, igiyar ta miƙe tana ƙara. Na jawo shi da ƙyar, na kwantar da shi ta gefe, bakinsa duk laka da kumfa. Ya daɗe bai san ni ba.

Da ya farfaɗo ya dube ni.

"Kar ka faɗa wa Inna."

Ban faɗa ba. Alhamis ta gaba muka tarar ruwa ya shanye gindin giyayyar, sai rassa. Ya tsaya yana dubawa, sannan ya nuna wata can gaba, inda gaɓar ta fi tsayi, ruwan ƙasanta baƙi ƙirin. Na ɗauki igiyar na bi shi.