Mai Amsa Mini Tatsuniya

Shekarar da tari ya fara cin muryata, jikata da ke Yamai ta matsa sai ta ɗauki tatsuniyoyina, ta sa cikin shirinta da mutane ke saurare a waya. Ni ma na san muryar ba za ta kai wata kaka ba.

Ranar farko aikin ya lalace. Ina zaune tsakar gida, ita tana can Yamai muna magana ta waya, rezo, wato layin waya, na tafiya yana komowa. Ta ce ba ta jin komai sai luguden maƙwabta da kukan awaki. Na ce to in kori garinmu Dakoro duka saboda ita? Ta yi dariya, ta ce in nemi ɗakin da ke da tarin tufafi, don tufa na shanye ƙara.

Ɗaki irin wannan guda ne a gidan, na yayata. Tun rasuwarta ba a taɓa zannuwanta ba, suna nan rataye bisa igiya. Da hantsi na shiga, na ja ƙyaure, na jingina waya ga faifai, tazarar taƙi ɗaya da bakina, yadda aka koya mini.

Yarinyar ta ce za ta rufe nata gefen, kada numfashinta ya shiga cikin nawa. To, mu ba mu san tatsuniya ba mai amsawa ba. Tun muna ƙanana ni ke faɗi, yayata na karɓa da ɗan gyaran murya, can cikin hanci. Na buɗe baki na ce ga ta nan, shiru ya amsa. Haka na ja ta har ƙarshe, kamar mai jan guga a rijiyar da ba a ganin ruwanta.

Washegari jikar ta kira. Ta ce murya ta fita tas, sai dai abu guda.

"Kaka, wa ke zaune kusa da ke?"

Ta kunna mini. Duk inda na tsaya shan iska, ga gyaran muryar nan, can cikin hanci.

Ta ce wataƙila rezo ne, injinta zai iya gogewa.

Na ce, "Bar ta, ɗiyata. Sauran ma a ɗakin za mu yi."