Karin Kumallon Mai Juya Lilo

A shekarun nan na dubu biyu da 'yan kai, in ka tsaya bakin titin Samaru da safe ka tambayi ɗalibi ko direban bas inda ake samun ƙosai mai riƙe ciki, wurin Maman Happi zai nuna maka. Jemimah ne sunanta na baftisma. Mutuniyar wajen Zonkwa ce, tun tana budurwa aka kawo ta aikatau gidan wani malamin jami'a, a nan ta ƙware a girki, ta kuma ƙware a faɗa. Gajeriya ce mai babbar murya, kuma ba ta iya miƙa maka abinci ta yi shiru ba, sai ta haɗa maka da wa'azi.

Wa'azin ya fi zafi a ranakun hutu, lokacin da iyaye ke tsayawa jiran bas da 'ya'yansu za su kai su wurin wasan yara a Sabon Gari. Ta ga yaro da kwalbar lemo da biskit, sai ta dafe ƙirji. "Haba Madam! Da wannan za ki shigar da shi rana? Wutar kara ce fa, kafin ku wuce Kwangila ta mutu. Ba shi ƙosai da kunun gyaɗa ya zauna masa, in ba haka ba a kan lilo zai amayar miki da shi." Wasu su yi dariya su saya, wasu su harare ta. Ko a jikinta.

Ba a banza ta san zancen ba, mijinta Martin ne ke juya babban lilon wurin. Da can ma'aikaci ne a wata masana'anta a Chikaji, shi da amininsa Ejike, wani Inyamuri mai dariya kamar ana farfasa itace. Shekaru suka yi suna cin abinci tare a gindin katangar masana'antar. Ejike kan zo da okpa, wato alalen gurjiya da mutanensu ke dafawa a ganyen ayaba da manja, wanda in ka ci ƙulli ɗaya sai yamma za ka tuna da ciki. Da aka rufe masana'antar, Ejike ya tafi gida Kirsimeti, mota ta kife da su a hanya, bai dawo ba. Martin bai yi kuka a gaban kowa ba. Dariya kawai ya daina, ya shekara yana kallon bango, kafin aka samo masa aikin lilon.

Lilon nan na ƙarfe ne, irin mai kujeru da ke hawa sama ya sauko kamar taya. Da wuta ya kamata ya yi aiki, amma ina wutar? Nepa ta ɗauke, janareta ba dizal, sai a kama hannun ƙarfen da ke gefe a murza da ƙarfin ƙirji. Ranar farko Martin ya ce sauri yake, ya kurɓi shayi da rabin burodi ya fice. Kafin azahar aka dawo da shi a kan acaɓa, wani na tallafe da shi ta baya, jiri ya kayar da shi a gaban yara.

Tun daga ranar Jemimah ta mai da cikin mijinta aikinta. Ta gwada koko da sukari, ya ce barci yake sa shi. Shinkafa ba ta kai shi tsakar rana. Ɗumamen tuwo yana kaiwa, amma ƙishirwa ta hana shi sakat. A ƙarshe ta tsaya a kan abincin garinsu, faten acca da wake da daƙaƙƙiyar gyaɗa da yakuwa, da gishiri isasshe saboda gumi. Rabi ya sha a gida, rabi ta zuba masa a kula ya sha da hantsi, ga jarkar kunun tsamiya da ta naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Da yamma ya dawo da kula wayam, riga ta yi fari da gishirin gumi. Ita kuwa ta wanke rigar tana mita, alhali ranta fes.

A bazarar dubu biyu da shida, ana saura 'yan makonni Ista, lokacin da kwalta ke kama takalmi, kular ta dawo a cike. Washegari ma haka, kuma na gidan ma sai ya juya cokali a ciki ya ture.

"Baban Happi, mene ne wannan?" in ji ta.

"Na ƙoshi ne."

"Ka ƙoshi da me? Da iska?"

"Na karya a can."

To fa! Ta ce a ranta ruwa ba ya tsami banza, wata ce ta samu wuri. Ta kwana biyu tana wasa baki. Sai ranar wanki ta zura hannu a aljihun wandonsa ta zaro ganyen ayaba, ɗanye shar, da maiƙon manja a jiki. Ta sansana, ta gane ƙanshin. Ta same shi yana ɗaure takalmi ta ce, "Wa ke ba ka okpa?"

"Ejike mana," ya ce, bai ko ɗago ba. "Kullum ina samun sa zaune a bayan lilo, wajen katangar da ke kallon layin dogo. Ya ce in zo mu ci. In ƙi?"

"Ejike ya mutu, Baban Happi."

"Na sani mana. Ai shi ya sa bai kamata in bar shi yana ci shi kaɗai ba."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Ita kuwa ta zauna a kan turmi. Kowa ya san in ka wuce mai cin abinci ya ce maka zo mu ci, cewa kake na gode, a ci lafiya, ka yi gaba. Amma Martin bai taɓa yi wa Ejike wannan amsar ba tun yana raye, balle yanzu. A garinsu Jemimah kuwa ko yaro ya san wanda ya saba da abincin waɗanda suka riga mu, gidansu ya nufa. Tsoro ya kama ta sosai, don ta gane mijinta ake janyewa, kuma ta ciki aka biyo masa.

Sai ta fara lura da abubuwan da ta ƙi gani a da. Rigarsa na dawowa a bushe, ko warin jiki babu, a wannan zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Jarkar kunu ba ta raguwa. Ya ƙara huda bel ɗinsa. In ta taɓa hannunsa sai ta ji shi da sanyi kamar gindin randa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne dariyarsa ta dawo. Yana shigowa gida da fara'a yana rera waƙa, kuma ta san ba ita ta dawo masa da ita ba.

Ta kai maganar wurin fasto, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce a sa shi azumi. Jemimah ta fito tana tafa hannu. "Azumi? Mutumin da ba ya cin abinci za a sa azumi?" Daga nan ta hau bas ta sauka kasuwar Sabon Gari, wurin Clementina matar marigayin, mai sayar da busasshen kifi. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta tambaya ko har yanzu tana dafa okpa, ko akwai mai ɗiba mata.

"Ni?" in ji Clementina. "Tun ranar da aka kawo mini labari ban sake jiƙa garin gurjiya ba. Tukunyar ma na bayar. Me ya sa kika tambaya, Maman Happi?"

Jemimah ta ce sha'awa ce kawai. A bas tana dawowa tambaya ɗaya ke mata yawo a kai. To wa ke dafa masa?

Ranar Litinin ta Ista, ranar da Kiristoci ke fita Galili, wato yawon shaƙatawa da iyali, ba ta kunna wutar ƙosai ba. Ta dama fate, ba ta yi rowar gyaɗa ba, ta cika babbar kula, ta ɗauki kunu, ta bi bayansa da hantsi.

Wurin ya cika ba masaka tsinke. Yara da kayan Ista da balan-balan, masu askirim na busa ƙaho, iyaye mata na fifita da gefen ɗankwali, ƙuda ya yi baƙi a kan ɓawon mangwaro. Ba wuta kamar kullum. Ga lilon can maƙil da yara har da wasu iyaye masu jiki, ga Martin shi kaɗai a gindi, ya rame kamar sillen kara, yana murzawa da hannu ɗaya. Kansa na juye gefe, yana zuba Turancin Buroka yana ƙyaƙyata dariya, kuma babu kowa a gefen nasa. Da ya hango ta sai ya saki ƙarfen ya nufo ta. Lilon bai tsaya ba, bai kuma koma baya ba. Ya ci gaba da hawa a hankali da nauyinsa, yara na ihun murna, har sai da Martin ya waiwaya ya ce, "Tsaya haka, mu huta." Nan take ya tsaya.

Bayan an sauke mutane, ta bi shi bayan lilon. Akwai 'yar inuwa a jikin katanga da bulo biyu a ajiye suna fuskantar juna. A tsakaninsu ga ganyen ayaba a buɗe, okpa na tururi a kai, kuma duk ƙudan wurin nan ko ɗaya bai sauka a kansa ba. Martin ya zauna a bulo ɗaya ya miƙa hannu.

Bakin Jemimah dai bai taɓa cin amanarta ba. Ta durƙusa ta ture ganyen gefe da gindin kula.

"Baban Happi, ka ba ni kunya. Mako nawa kana cin na abokinka? Ko sau ɗaya ka ce ya ɗanɗana na gidanka? So kake a ce matarka marowaciya ce?" Ta buɗe kular, ta juya ga bulon da ba kowa a kai, ta daure ta dube shi. "Oga Ejike, sannu da aiki. Yau namu za a ci. Zo mu ci."

Hayaniyar wurin ta yi mata nisa. Ta danƙa wa mijinta cokali. "Kai ne mai gida, kai za ka fara. Baƙo ba ya ci mai gida na kallo."

Martin ya dubi bulon, ya dubi kular. Kunya ta kama shi, ta ga alama a fuskarsa. Ya ɗebo ya kai baki, ya haɗiye da ƙyar kamar mai haɗiyar tsakuwa. Ya ƙara, ya sake ƙarawa. A ɗaya gefen kular, inda cokalinsa bai kai ba, faten ya fara sauka shi ma, loma bayan loma. Jemimah ta gani, ta kau da kai, ta kafa ido a goshin mijinta. Can sai ga gumi ya tsattsafo, ya gangaro ta gefen kunne ya shiga wuyan riga. "Ba ni kunu," ya ce da dasasshiyar murya. Saura kaɗan ta rangaɗa guɗa a wurin. Ya shanye rabin jarka, ya yi gyatsa, ya goge fuska da hula, ya ɗan karkata kai wajen ɗaya bulon kamar mai sauraro, sannan ya juyo gare ta.

"Ya ce ya gode, hannunki na nan yadda ya san shi. Ya ce gobe ba sai kin sha wahalar hanya ba. Shi zai zo gida."

Haka aka yi kuwa, ai ita ta kira shi. Tun daga ranar kwano biyu take ajiyewa a tabarma kowace safiya kafin ta fita suya, kuma duka biyun take wankewa. Martin ya mai da jiki, rigarsa ta koma yin gishiri. Sau ɗaya zazzaɓi ya kwantar da ita ta makara, ya fita ba a karya ba. Da yamma ya dawo a bushe, da manja a gefen baki, yana waƙa. Washegari da rarrafe ta isa murhu. Ba ta sake kwana a wani gari ba, biki ko mutuwa, sai dai ta je ta dawo a yini. Dangi suka ce son sana'a ya rufe mata ido, ta bar su suna faɗa.

A dubu biyu da tara 'yarsu tilo, Happiness, wadda ke aure a Jos, ta haihu da ƙyar, haihuwar fari. Ta bugo waya ta ce, "Mama, yaushe za ki taho? Ba ni da mai yi mini wanka."

"Zan zo in gan ku in juyo," in ji Jemimah.

"Ki juyo? Kowa uwarsa na zuwa ta zauna masa. Mama, ƙosai ya fi ni ne?"

Jemimah ta ƙara manna wayar a kunne. Tana jin kukan jaririn ta cikin wayar, tana jin na 'yarta a kai. Ta ce, "Ki gasa jikinki da kyau, ki riƙa shan kunun kanwa." Can aka kashe wayar. Ta daɗe a zaune tana kuka, kuka mai sauti, ba ta damu maƙwabta su ji ba. Sannan ta share ido da bakin zane, ta jawo faifai, ta fara tsince waken gobe.