Bazarar da rana ta ƙi faɗuwa

Jiya ina gyaran kabad sai wani tsohon kaset ya faɗo ƙasa, ya yi ƙwas. Wannan ƙarar kaɗai ta mayar da ni gidanmu na Saint-Fons a Faransa, bene na huɗu, shekarar da Kaka ta zo mana daga Damagaram da bizar wata uku.

Kai, mun yi murna! Ni da ƙanena har barci muka kasa, don Baba ya daɗe yana cika mana baki cewa duk unguwarsu babu mai tatsuniya kamar mahaifiyarsa. To amma ka san bazarar Faransa: ƙarfe tara ta yi, rana na nan tsaye kamar mai jiran baƙo. Mu kuwa tara ake kora mu gado saboda lakwal, wato makaranta. Kaka ta ce ita ba ta tatsuniya da rana, wanda ya yi sai ya ɓata. Muka yi magiya, muka yi kuka, ko gezau. Wata biyu suka wuce ba mu ji ko ɗaya ba.

A benen da ke ƙasanmu akwai wata tsohuwa 'yar Irlanda, mijinta ya yi aiki a masana'anta ɗaya da Baba kafin mijin ya rasu. Madam muke ce mata. Ɗakinta littattafai ne har rufi, kuma ba Faransanci ba ne, ba Ingilishi ba. Yaren ƙauyensu ne, wanda ta ce a da har dukan yara ake yi in sun yi shi a aji. Mahaifinta ne ya buga yawancinsu. Shi da abokansa biyu suka fara, a rumfar bayan gida, da tsohon inji guda mai ci da hannu. Mutane suka yi ta dariya, wai wa zai sayi littafi da yaren masunta? Shi ko a jikinsa. Ya hau keke yana bin ƙauyuka, yana rubuta abin da tsofaffi ke faɗa, ita kuma tana yarinya tana naɗe takardu har yatsunta su yi baƙi. Sannu a hankali makarantu suka fara aiko da saƙo, rumfa ta zama kamfani.

Ranar da na kai mata ƙarar Kaka, sai ta miƙe kamar an tsikare ta. Ta ɗauki rakoda, ta hau benen nan da sandarta, ina biye ina tsalle. Bayan an gaisa, Baba na fassara, ta bi tagogin falo ta sauke marufansu na ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ɗaki ya yi duhu. Ta juyo tana murmushin wadda ta gama dabara.

Kaka ta dube ta sama da ƙasa. "Gaya mata taga ta rufe, ba rana ba."

Madam ta zauna. Ta ce akwai wani tsoho mai tatsuniya a bakin teku da mahaifinta ya yi ta cewa zai je wurinsa in ruwa ya ɗauke. Da ya je, ya tarar an binne shi da kwana shida. Ta ce har mahaifinta ya mutu, littattafai ɗari a bayansa, wannan guda da bai buga ba shi yake ambata.

Baba ya fassara, muryarsa ta yi ƙasa. Kowa ya san saura kwana ashirin Kaka ta koma, kuma kowa ya san shekarunta. Ta daɗe tana murza carbi. Can sai ta yi tsaki, ta gyara zama.

"Ni da na baro Damagaram na zo ƙasar da rana ba ta san gidanta ba, wace ɓata ta rage mini? Buɗe tagar nan, ɗan nan. Ga ta nan, ga ta nanku!"

Wallahi ihun da muka yi na "Ta zo mu ji ta!" sai da maƙwabci ya buga bango. Kwana goma sha tara ana yi, da hantsi, da la'asar, rana na dukan labule. Madam ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ita ke juya kaset, kuma in mun yi dariya ta fi mu yi.

Baba ya rubuce tatsuniyoyin da biro a lokacin hutunsa. Kawuna, mai shagon waya a unguwar Goutte d'Or ta Paris, ya buga su da injin fotokopi, ya ɗinke, ya jera a gefen kanta. 'Yan kasuwa suka kwashe su kaf kafin Sallah.

Yanzu Kaka da Madam duk sun riga mu gidan gaskiya. Ina zaune a Paris, 'ya'yana in na yi musu Hausa da Faransanci suke amsawa, abin yana ci mini rai. Amma makon jiya, tsakar rana a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ƙaramar ta fara ba ni ɗaya daga cikin tatsuniyoyin nan, da Hausar Damagaram tsantsa, har da yadda Kaka ke jan murya. Daɗi ya kusa sa ni kuka. Na bar ta ta kai ƙarshe, amma hannunta na riƙe gam har muka iso gida.